Stephen Keshi: gwanin koci ne ko sa'a ce ta ɗauke shi a 2013?

Abba_Fagge:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai maganar da ta daɗe tana ci min tuwo a ƙwarya, ina so manyan wannan zaure su warware min. Duk lokacin da aka sauya kocin Super Eagles sai ka ji ana cewa "ai tun bayan Keshi ba mu sake yin koci ba". Ni kuma da na duba tarihinsa sai na ga Togo ta sallame shi, Mali ta sallame shi, Najeriya ma ta sallame shi, har ya kasa kai mu gasar cin kofin Afirka ta 2015 alhali mu ke riƙe da kofin. To ina gwanintar? Ni a ganina kofin Afirka da ya ci mana a 2013 sa'a ce kawai ta zo, mutuwarsa kuma ta sa ake ƙara masa gishiri. Allah Ya sa ban ɓata wa kowa rai ba.

Baba_Raccah:
Wa alaikumus salam. Ɗana Abba, da ji ba ka ga mutumin yana taka leda ba, shi ya sa ka faro lissafinka daga Togo. Mu da muka san shi tun yana New Nigeria Bank ta Benin, ba za mu iya raba Keshi ɗan wasa da Keshi koci ba, mutum ɗaya ne. Ƙungiyar nan ta ci kofin WAFU na ƙungiyoyin Afirka ta Yamma a 1983 da 1984, shi ne ginshiƙinta a baya. Ɗan baya ne mai ƙirji da murya, idan ya tare ƙwallo ba ya dokawa sama ya huta, sai ya ɗaga kai ya duba, ya aika doguwa ta sauka a ƙafar ɗan gaba. Ga jifa mai nisa kamar an buga kwana, ga harbi daga nesa. Yana ɗan shekara 22 ya ja tawagar ƙasa har wasan ƙarshe na kofin Afirka a Abidjan a 1984, Kamaru ta ci mu 3-1. Yaro mai wannan shekarun da manya suke bin umarninsa a fili, ai ba a makaranta ya koyo shugabanci ba. Sunan Big Boss tun yana wasa aka laƙaba masa.

Ummi_Gunners:
Baba, wannan duk ya nuna shi babban kyaftin ne. Amma tambayar Abba kan koci ce. 'Yan wasa nawa suka yi fice a fili, da aka ba su horarwa suka kasa?

Baba_Raccah:
Gaskiyarki 'yata, ina zuwa wurin. Abin da nake so ku gane shi ne hanyar da ya bi. Hukumar ƙwallo ta dakatar da shi da wasu abokan wasansa saboda jinkirin zuwa sansani. Maimakon ya zauna yana roƙo, sai ya tsallaka Kwaddebuwa, ya buga wa Stade d'Abidjan da Africa Sports. Daga can ya wuce Beljiyam, Lokeren a 1986, shekara ta zagayo Anderlecht ta ɗauke shi. Ya ci kofin ƙalubale na Beljiyam a 1988 da 1989, ya ci gasar ƙasar a 1991. A 1990 sun je wasan ƙarshe na kofin Turai na masu riƙe da kofunan ƙalubale, Sampdoria ta ci su 2-0 a ƙarin lokaci, Vialli ne ya ci duka biyun. Sannan ya koma Strasbourg a Faransa, ya taimaka suka hau rukunin farko a 1992. Wannan yawon shi ya ba shi Faransanci, shi ya nuna masa yadda ake tafiyar da ƙungiya a Turai, shi kuma ya cire masa tsoron hukuma da tsoron Bature. Abubuwa ukun nan da su ya yi aikin koci.

Sani_Zongo_Lome:
Ni ɗan Togo ne, a zongon Lome na tashi, bari in ba Abba amsa kan ƙasarmu tunda ita ya fara ambata. Kafin Keshi ya zo a 2004, ko a hira ba ma sa kanmu cikin masu zuwa gasar cin kofin duniya. Rukunin da aka saka mu akwai Senegal, wadda shekara biyu kacal da suka wuce ta doke Faransa ta kai zagayen 'yan takwas a duniya. Akwai Mali, akwai Zambiya, akwai Kwango da Laberiya. Wasan farko ma Zambiya ta ci mu. Amma muka zo muka lallasa Senegal 3-1 a Lome, muka je Dakar muka yi 2-2. Ranar ƙarshe a Brazzaville, Oktoban 2005, sau biyu Kwango tana wucewa gaba muna farkewa, muka gama da 3-2. A unguwarmu ranar an fito da talabijin ƙofar gida an ɗora a kan benci, da Kader ya ci ta uku wani tsoho mai sayar da gawayi da ba ruwansa da ƙwallo ya cire hularsa ya jefa sama, bai ma nemi inda ta faɗi ba. Daren nan babu wanda ya runtsa.

Ka ce an sallame shi. E, an sallame shi, bayan mun sha kashi a wasa uku a gasar kofin Afirka ta Masar a farkon 2006 kuma ya samu saɓani da Adebayor. Aka kawo Otto Pfister ya tafi da tawagarmu gasar duniya a Jamus. Me aka samu? Rikicin alawus, kocin ya ajiye aiki kafin wasan farko ya sake dawowa, aka ci mu wasa uku. Kuma daga wannan lokacin har yau Togo ba ta sake leƙa gasar ba. Idan sa'a ce, me ya sa ba ta sake zuwa wa kowa ba?

Abba_Fagge:
Malam Sani na gode. Amma ai Adebayor ne ya kai ku, ƙwallo 11 ya ci a wasannin neman gurbin.

Sani_Zongo_Lome:
Adebayor ya ci gaba da buga wa Togo shekaru da dama bayan haka, har ya zama gwarzon Afirka a 2008, lokacin ya fi ƙarfi ma. Bai sake kai mu ba.

Lawi_Chelsea:
Ni ina tare da Abba ko da rabi ne. Mu duba 2013 ɗin da idon basira. Wasan farko da Burkina Faso 1-1, aka ba Efe Ambrose jan kati, Alain Traore ya farke a daƙiƙar ƙarshe. Wasa na biyu da Zambiya 1-1, Mikel ya zubar da fenariti, golansu Mweene ya ci tasu. Wasa na uku da Habasha har minti 79 babu ci, sai da Victor Moses ya samo fenariti biyu ya ci. Wato saura kamar minti goma mu kwaso kayanmu mu dawo gida. Da haka ta faru wa zai kira shi gwani yau?

Malam_Nura_Koci:
Lawi, ni ina horar da yara a ƙaramar ƙungiya, bari in faɗa maka abin da mai sana'a yake kallo. Babu wanda ya taɓa cin kofi ba tare da wata rana da ya tsallake rijiya da baya ba. Tambayar ita ce, me koci ya yi tsakanin wasa da wasa? Bayan wasan farko Keshi ya ajiye Joseph Yobo, kyaftin ɗinsa guda, ya haɗa Kenneth Omeruo mai shekara 19 da Godfrey Oboabona na Sunshine Stars a tsakiyar baya. Yobo ya samu rauni, amma ko da ya warke bai karɓi gurbinsa ba. Ya shigo da Ogenyi Onazi tsakiya don ya riƙa share wa Mikel hanya, Mikel ya samu sarari ya ɗan matsa gaba, abin da ba a barinsa ya yi a Chelsea. Sannan ya jefa Sunday Mba cikin sha ɗayan farko tun wasan Habasha. Tawagar da ta fuskanci Kwaddebuwa ba ita ce ta buga wasan farko ba, a cikin gasar ya gyara ta.

Ku tuna wasan na Rustenburg. Drogba, Yaya Toure, Gervinho, Kalou, Tiote. Kowa ya gama yanke mana hukunci. Amma Najeriya ba ta koma baya ta tare gida ba, matsa musu aka yi tun daga tsakiya har Yaya ya rasa inda zai juya. Emenike ya ci da bugun tazara, Tiote ya farke da ka, Mba ya ɗauko ƙwallo tun daga tsakiyar fili ya ci ta biyu. Bayan kwana uku aka yi wa Mali 4-1 a Durban. Wanda ya ga wasannin nan biyu ya ce sa'a ce, to ni ban san me zai kira aiki ba.

Lawi_Chelsea:
Ƙwallon Mba ai ta taɓa jikin ɗan baya ne ta tsallake gola.

Malam_Nura_Koci:
Ta taɓa. Amma wa ya ɗauko Mba daga gasar cikin gida ya kai shi har inda zai yi harbin? Kuma ta wasan ƙarshe fa, da ya ɗaga ƙwallo ta kan ɗan baya ya tare ta da hagu kafin ta sauka, ita ma wani ta taɓa?

Pillars_Sai_Masu_Gida:
Wannan shi ne abin da ya sa ni ba zan taɓa mantawa da shi ba. Kafin zuwansa, ɗan wasan gida idan an kira shi sansani cike gurbi ne, da 'yan Turai sun iso sai a ba shi kuɗin mota. Keshi ya tara yaran gida a Abuja makonni yana horar da su, ya tafi Afirka ta Kudu da guda shida, ciki har da Reuben Gabriel namu na Kano Pillars. Ya bar Osaze Odemwingie da Obafemi Martins a gida, jaridu suka yi ta caccakarsa, Osaze ya hau intanet yana zuba masa magana. Bai janye ba. Sannan a gasar 'yan wasan gida ta CHAN a 2014, ku tuna wasan Maroko: an tafi hutun rabin lokaci ana cin mu 3-0, aka dawo muka ci su 4-3. Rabi'u Ali namu yana cikin waɗanda suka ci. A gidan kallon da nake rabin mutane sun fice lokacin hutu, da ihu ya fara tashi sai ga su suna dawowa a guje, mai gidan ma bai tsaya karɓar kuɗi ba. Mun gama a na uku a wannan gasar.

Hajiya_Bilki:
Tambaya daga gefe: da gaske ne a Arewa aka haife shi? Na taɓa ji a rediyo.

Katagum_Boy:
E Hajiya, tarihinsa da aka rubuta ya nuna a Azare aka haife shi, 23 ga Janairu 1962. Asalin iyayensa Illah ne a jihar Delta ta yanzu, a Legas ya yi makaranta, a Illah ɗin kuma aka binne shi. Mu dai muna ƙirga shi cikin namu.

Injiniya_Bash:
Kada zaƙin hira ya sa mu tsallake inda Abba yake da hujja. Mali fa? An ba shi Kanoute, Seydou Keita, Mahamadou Diarra, Momo Sissoko, 'yan wasan Sevilla da Barcelona da Real Madrid da Juventus. Ya je Angola a 2010 ya kasa fita daga rukuni. Mutane suna tuna 4-4 ɗin nan da suka farke ƙwallo huɗu a mintunan ƙarshe, amma ba sa tambayar yadda aka yi tawaga irin wannan ta bari Angola ta zura mata huɗu. Aljeriya ta ci su 1-0, shi ke nan. Ni abin da na lura, Keshi ya fi iya aiki da yaran da suke jin yunwa, waɗanda za su ce masa "to Oga". Da ya haɗu da ɗan wasa mai ji da kansa sai rigima: Adebayor, Osaze, Yobo na wani lokaci, Ikechukwu Uche. Uche yana cin ƙwallo a Villarreal amma aka tafi gasar duniya ta 2014 a Brazil babu shi, muka zo wasan Iran aka rasa mai buɗe gida, aka tashi babu ci. Wannan taurin kai ne, kuma aibi ne a wurin koci.

Ummi_Gunners:
Har Sunday Mba ɗin ma ai bai je Brazil ba. Wannan ta ba ni haushi sosai lokacin.

Baba_Raccah:
Injiniya ka faɗi gaskiya, yana da taurin kai, ba zan kare shi a nan ba. Maganar Uche ni ma ban ji daɗinta ba. Amma ka dubi cewa Osaze ɗin da suka yi rigima ya dawo da shi, shi ne ma ya ci Bosniya. Kuma game da ajiye Yobo akwai abin da matasa ba su sani ba. A gasar kofin Afirka ta Tunisiya 1994 Keshi ne kyaftin, amma rauni da shekaru sun sa yawancin gasar a benci ya yi ta. Uche Okechukwu da Okafor sun taso, Eguavoen ne ya ɗaura kambu a wasan ƙarshe da muka ci Zambiya 2-1, Amunike ya ci biyun. A gasar duniya ta Amurka ma wasa ɗaya ya buga, da Girka. Duk da haka koci Westerhof bai rabu da shi ba, domin shi ke riƙe da sansanin, shi ke shiga tsakanin yara da hukuma. To da ya ajiye Yobo a 2013 ya san zafin abin a jikinsa, shi ya sa a wasan ƙarshe ya sako shi a mintunan ƙarshe don ya ɗaga kofi yana cikin fili.

Dan_Ranchers:
Baba ka tuna min da Amokachi, yaron Kaduna, shi ne mataimakinsa a 2013. Shi ma ta Beljiyam ya bi, daga Ranchers Bees zuwa Club Brugge. Ƙofar nan Keshi ne ya buɗe ta, bayansa ne su Siasia da Eguavoen da Ikpeba da Oliseh suka bi. Har Nii Lamptey na Ghana shi ya yi masa hanya zuwa Anderlecht ya riƙe shi kamar ɗa. Tawagar 1994 da muke taƙama da ita, da yawansu a Beljiyam suka goge.

Abba_Fagge:
To na ji. Amma har yanzu babu wanda ya taɓo 2015. Kwango ta zo Calabar ta ci mu 3-2. Sudan ta ci mu 1-0. Afirka ta Kudu ta zo Uyo muka sha da ƙyar 2-2. Mai riƙe da kofi ya kasa zuwa kare kofinsa. Wannan kuma laifin wa?

Barista_Hauwa:
Abba, ka duba yanayin da aka buga waɗannan wasannin. Bayan Brazil kwantiraginsa ya ƙare, aka shiga wasannin neman gurbi ba tare da an sabunta masa ba. Ita kanta hukumar NFF tana cikin rikicin shugabanci, ana ta shiga kotu, har FIFA ta dakatar da Najeriya na ɗan lokaci a Yulin 2014. A Oktoba, washegarin da ya ci Sudan 3-1 a Abuja, aka ce an sallame shi an ba Shuaibu Amodu riƙo. Bayan mako biyu aka dawo da shi bayan fadar shugaban ƙasa ta sa baki. Wane ɗan wasa ne zai ji maganar kocin da bai san ko gobe yana nan ba? Kafin nan ma, a shekarar da ya ci kofi ya yi watanni ba a biya shi albashi ba. Kuma kada a manta washegarin cin kofin ya ce ya ajiye aiki, saboda yadda aka riƙa yi masa barazanar kora tun ana zagayen rukuni, sai da aka lallashe shi ya janye. Ba na cewa ba shi da kaso a faɗuwar 2015, zaɓen 'yan wasansa a lokacin ya yi rauni, ya riƙe wasu da ƙafarsu ta mutu. Amma a ɗora masa shi kaɗai zalunci ne.

Injiniya_Bash:
Barista, amma dawowar da ya yi ta hannun fadar shugaban ƙasa ita ma ba ta yi kyau ba. Da ya tafi bayan wasan Faransa da mutuncinsa ya fi. Ga shi a Yulin 2015 suka sake korarsa, wata uku kacal bayan sun ba shi sabon kwantiragi.

Barista_Hauwa:
A nan kam mun yi daidai. Da ya tafi a lokacin.

Lawi_Chelsea:
Brazil ɗin ma da ake yabo, ƙwallon da Dzeko na Bosniya ya ci mu mai kyau ce, mai tuta ne ya kashe ta. Da an bar ta da labari ya sha bamban.

Pillars_Sai_Masu_Gida:
To idan lissafin alƙalin wasa za mu yi, takun da Matuidi ya yi wa Onazi fa? Katin gargaɗi kawai aka ba shi, aka fitar da yaron a kan gadon ɗaukar marasa lafiya, daga nan tsakiyarmu ta watse Pogba ya ci a minti 79. Kafin nan mun riƙe Faransa ƙam. Kuma nasarar Bosniya ita ce ta farko da muka samu a gasar duniya tun 1998. Ga biyun da Ahmed Musa ya zura wa Ajantina. Shi ne koci ɗan Afirka na farko da ya tsallake zagayen rukuni a gasar, sai a 2022 Aliou Cisse da Walid Regragui suka biyo baya.

Malam_Nura_Koci:
Akwai abin da ya fi ci min rai a tarihinsa. Sau biyu yana aikin kai ƙasa gasar duniya ana hana shi zuwa: 2002 yana mataimakin Amodu, aka sallame su bayan gasar kofin Afirka ta Mali aka ba Onigbinde, sai kuma Togo a 2006. Shi ya sa lokacin da ya fito ya ce akwai Turawan da kuɗi kawai ke kawo su Afirka, ba abin da suke yi da ɗan ƙasa ba zai iya ba, mu ƙananan kociyoyi mun ji maganar har cikin ƙashi. Bai ce kada a ɗauko Bature ba, cewa ya yi a ɗauko wanda ya fi mu, kuma a ba ɗan gida irin lokaci da albashin da ake ba baƙo. Mutum biyu ne kacal suka ci kofin Afirka suna wasa suka sake ci suna koci, shi da Mahmoud El-Gohary na Masar.

Hajiya_Bilki:
Rasuwarsa ta girgiza ni. Matarsa ta rasu a Disamban 2015, shi kuma a Yunin 2016 a birnin Benin yana da shekara 54, bayan kwana uku Amodu ya bi shi. Mako guda ƙasa ta rasa su biyun.

Abba_Fagge:
Na karanta duka, na ƙaru, musamman bayanin Malam Nura kan sauye-sauyen da ya yi a cikin gasa da na Malam Sani kan Togo. Amma har yanzu ina ganin gwanin koci shi ne wanda ya gina abin da zai ɗore. Tawagar 2013 ko shekara biyu ba ta yi ba ta wargaje. Hassan Shehata ya ci uku a jere da Masar, 2006 da 2008 da 2010. Shi nake kira gwani.

Injiniya_Bash:
Ni matsayina yana nan: mai haɗa kan yara ne na gaske, mai karanta gasa, amma ba na sa shi sahun Shehata.

Sani_Zongo_Lome:
Shehata ya samu shekara shida a kujera ɗaya, mafi yawan 'yan wasansa daga Al Ahly da Zamalek da Ismaily suke, kullum suna gabansa, kuma duk da haka bai kai Masar gasar duniya ba ko sau ɗaya. Keshi ya kai ƙasa biyu. Abba, ka kawo min sunan kocin Afirka da ya yi wannan kafin shi, sai mu ci gaba daga nan.